Ruwan Kurma

Matan da suka fita ɗiban ruwa da sassafe su suka fara ganinsa. Yana kife a kan rairayi, daidai inda koramu uku suke haɗuwa, rigarsa ta sarƙe a saiwar gawo. Tun magaribar jiya ake cigiyarsa. Kafin hantsi duk garin Mahaɗa ya san Malam Suma'ila mai rake ya rasu, kuma akwai rauni a ƙeyarsa.

Mai gari ya aika a kira Alkasum mai bin sawu. Dattijo ne siriri mai ƙarancin magana, wanda ya koyi karatun ƙasa tun yana saurayi a bayan raƙuman fatake. Daga Zermu har Tirmini, in an kore saniya ko an fasa rumbu, shi ake nema. Amma yau ƙafarsa ta yi masa nauyi, domin shi da Suma'ila rana ɗaya aka yi musu kaciya.

Wanda bai san Mahaɗa ba sai an yi masa bayanin ruwanta. Arewa da garin akwai duwatsun Ƙwarya, daga cikinsu koramu uku suke gangarowa. Ta gabas ita ce Fara, mai faɗi, mai dogon zango, ba ta kawo komai sai farin yashi. Ta tsakiya Ja, wadda ta ratso jar ƙasa. Ta yamma kuwa gajera ce, ta matse tsakanin bangon dutse biyu, ana kiranta Kurma saboda wanda yake cikinta ba ya jin zuwan ruwa sai ya taɓa shi. A kan Kurma, can sama, wani faroje na raya karkara ya gina wa mutanen ƙauyen Tsauni madatsa shekara shida da suka wuce. Koramun ukun suna haɗuwa a gindin garin, su zama korama ɗaya ta yi kudu, har yashi ya shanye ta.

Bana an yi ruwan shuka, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin da huɗu. Sai jiya hadari ya haɗu a duwatsun gabas, Fara ta kawo ruwa da la'asar. Saboda haka kowa ya ce Fara ce ta kawo gawar. A bakin Fara kuwa lambun Kassim yake, wani Babarbare daga Birnin Damagaram, wanda suka yi cacar baki da marigayin ranar Juma'a kan iyaka. Nan da nan jandarma suka kama shi.

Alkasum ya tarar da ajidan, babban jandarma na yankin, a tsaye kan gawar. Ya yi addu'a, ya durƙusa. Bai daɗe a kan raunin ba. Hannu ya sa a aljihun rigar, ya fito da wani baƙin laka mai wari, haɗe da zaren gansakuka kore. Ya shinshina, ya ƙulle shi a bakin rawaninsa.

"Me ka gani, Baba?" in ji ajidan.

"Tukuna. Ku bari a yi masa sutura. Wanda kuka kama kuma ku riƙe shi da kyau, don samarin can sandunansu ba na kiwo ba ne."

"Zuwa gobe da hantsi na ba ka. Daga nan sai in wuce da shi Damagaram."

* * *

Kassim yana zaune a zauren mai gari, jandarma ɗaya a bakin ƙofa. Hularsa ta faɗi wajen kamun, ba wanda ya miƙo masa.

"An ce ka ce wa Suma'ila ruwa zai raba ku," in ji Alkasum.

"Na faɗa, Baba, ba zan ɓoye ba. Iyakar nake nufi. Kowace damina Fara tana cin gefenta, na ce ta kusa cinye abin da muke faɗa a kansa. Baki ne ya ja mini."

"An ce an ga jini a rumfarka."

"Zabo na yanka."

Alkasum ya tafi lambun. Ruwa ya wanke duk wani sawu a waje, amma a ƙarƙashin rumfar ya tarar da jinin a kan dutse, gashin zabo manne a jikinsa. Ya gangara cikin koramar ya damƙi yashinta. Fari ne fes, ba wari, ba kore. Gansakuka ba ta fitowa a ruwan da ya sauko jiya. Sai ruwan da ya kwanta ya yi makonni a wuri ɗaya, kuma a duk ƙasar nan bana wuri ɗaya ne tak ruwa ya kwanta.

Lokacin da ya dawo gari an gama shirya gawa. Ya bi jana'iza, ya tsaya a sahu ɗaya da Tanimu, ɗan farin marigayin, magidanci mai 'ya'ya biyu. Idon Tanimu a bushe yake har aka rufe kabari. Daga maƙabarta Alkasum ya yi yamma shi kaɗai.

* * *

Bakin Kurma a jiƙe yake, amma wannan ba abin mamaki ba ne, in Fara ta cika takan turo ruwa ciki. Ciyawar wurin ya duba. Da ruwan Fara ne ya shigo, da ta kwanta ta fuskanci dutse. Ita kuwa ta kwanta ta fuskanci gari. Ya ƙara shiga, sai ga layin baƙin laka a jikin bango, ya kai masa ƙirji. Ya ɗaga kai ya dubi tudun da ke sama: a bushe ƙamas, ko ɗigo bai sauka a yamma ba. Korama ta kawo ruwa ba tare da hadari ba.

A wata tsagar dutse, sama da layin lakan, ya ga sanda a soke. Ya san ta, shi ya saro wa Suma'ila ita daga aduwa.

Ya koma baya zuwa inda hanyar Tsauni ta rabu biyu. Ɗaya ta hau tudu ta zagaya, tafiyar awa guda da rabi. Ɗaya ta faɗa cikin Kurma, rabin wannan. Da yake ba a yi ruwa a nan ba, ƙasa ta riƙe duk abin da aka rubuta mata. Ga sawun Suma'ila nan, ƙafar hagu a karkace waje kamar kullum, ga ramukan sanda a gefe. Sai dai takun ya yi wa tsoho faɗi. Sauri yake yi, kuma cikin Kurma ya shiga.

Alkasum ya juya kan hanyar tudu. Nan ma akwai sawu, na zuwa da na dawowa. Ya durƙusa a kansa, ya auna da tafin hannu, ya tashi ya bi shi taku hamsin, ya sake durƙusawa. Daga nan ya sami dutse ya zauna. Ya daɗe a zaune, har inuwa ta matsa ta bar shi a rana bai sani ba.

* * *

Ya iske madatsar a fashe. An ɓamɓare duwatsun da ke riƙe da ƙofar ƙarfen, ruwan ya ƙarasa sauran aikin da kansa. Abin da ya rage baƙin taɓo ne da ƙananan kifaye suna bushewa. Yakuba, mai tsaron madatsar, yana tsaye da mazan Tsauni kusan ashirin, fuskokinsu ba annuri.

"Gara da ka zo da kanka, Malam Alkasum," in ji Yakuba. "Da ma muna shirin gangarowa."

"Ina kake lokacin da aka yi wannan?"

"Kasuwar Zermu. Duk garin nan mun tafi. Wanda ya yi ya san ranar."

"Kwana goma-goma kuka yi alkawarin buɗe wa Mahaɗa. Sau nawa kuka tsallake?"

Yakuba ya kau da kai. "Sau biyu. Mu ma dabbobinmu a nan suke sha. Amma mu ba mu dafa Alƙur'ani ba. Suma'ila ne ya dafa a madadin garinku, ya ce hannun ɗan Mahaɗa ba zai taɓa dutsen nan ba. Zo ka gani."

Ya kai shi gefen madatsar, ya nuna ƙasa. Sawu ne a fili, ƙafar hagu a karkace.

"Ni ba mai bin sawu ba ne, amma wa bai san takun Suma'ila ba? Shi ya fasa, ƙafa ta zame masa, ruwan ya tafi da shi. Rantsuwa ce ta ci shi."

Maganar ta soki Alkasum, amma bai nuna ba. "Gobe da safe ku zo mahaɗar ruwa," ya ce. "Ku bar sandunanku a gida."

* * *

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa gidan makoki. Balki, matar marigayin, ta shiga takaba, don haka a bakin ƙofar ɗakinta ya tsuguna, asabari a tsakaninsu. Suka yi gaisuwa, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "Balki, jiya wane lokaci ya fita?"

"Bayan azahar. Na ajiye masa fura, ko rabi bai sha ba."

"Wani ne ya kira shi?"

"A'a. Ya ga hadari ne a gabas, ya tashi zai kawar da kaya. Ya zaga bayan rumbu, sai na ga ya fito ya ɗauki sandarsa."

"Me ake ajiyewa a bayan rumbun?"

Yana jin ƙarar carbinta.

"Dagi," ta ce. "Na haƙar rijiya."

"Jiya bai same shi a wurin ba."

"Bai same shi ba."

"Yanzu fa?"

"Yana nan."

Bai tambaye ta wanda ya dawo da shi ba, ita ma ba ta faɗa ba. Har ya yunƙura zai tashi sai ta ce, "Malam Alkasum, na ji abin da mutanen Tsauni suke faɗa a kansa. Mata sun kawo mini. Shekara talatin da uku ina gidan nan, bai taɓa saɓa alkawari ba ko na goro."

"Na sani."

"Kuma yaron nan shi kaɗai ne namiji da nake da shi."

"Wannan ma na sani," in ji Alkasum.

* * *

Washegari da safe aka taru a mahaɗar ruwa. Mai gari da dattawansa a gindin gawo, ajidan a tsaye, Kassim a gefensa. Yakuba da mutanen Tsauni suka zauna a ɗaya gaɓar, samarin Mahaɗa a bayan dattawansu, Tanimu a cikinsu. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai shimfiɗar yashi mai laima wadda ruwa ya goge sumul, ba wanda ya taka ta.

Alkasum ya ja layi uku a ƙasa da sandar marigayin. "Ga Fara, ga Ja, ga Kurma. Kowa ya ce Fara ce ta kawo shi." Ya kwance bakin rawaninsa, ya miƙa wa mai gari abin da ke ciki. "Ranka ya daɗe, a aljihunsa na samo wannan. Ka taɓa ganin Fara ta kawo gansakuka?"

Mai gari ya murza, ya shinshina. "Wannan lakan madatsa ne."

"Shi ne. Kurma ce ta kawo shi, ruwanta ya iso tare da na Fara, shi ya sa ba wanda ya bambanta. Raunin ƙeyarsa dutse ne, ba hannun mutum ba. Kassim ba shi da laifi sai na tsawon harshe."

Samarin suka sunkuyar da kai. Kassim ya rufe fuska da hannu biyu.

Yakuba ya miƙe. "To, ai maganarmu ta fito. Shi ya fasa mana madatsa, ruwan ya ci shi. Sawunsa yana can kowa ya je ya gani."

"Zauna, Yakuba. Ka ga sawu, amma ba ka bi shi ba. Ni na bi shi. Mutum biyu suka nufi Tsauni shekaranjiya. Na farko ya bi ta tudu, ba shi da sanda, yana ɗauke da ƙarfe a kafaɗar dama, don ƙafar dama ta fi nitsewa. Shi ya kai madatsa, kuma ta tudun ya dawo har bakin gari. Wanda ruwa ya ci ba ya dawowa gida da ƙafarsa. Na biyu ya taso daga baya, sawunsa ya hau kan na farkon. Tsoho ne da sanda, yana sauri irin wanda bai yi ba shekara ashirin. Ya san in ya bi tudu ba zai cim ma na farkon ba, sai ya yanke ta cikin Kurma don ya riga shi isa ya tare shi. Ya san halin Kurma sarai, ya shiga. Suma'ila bai kai madatsa ba. Kare rantsuwarsa ya tafi yi."

"Amma takun nasa ne," in ji Yakuba. Muryarsa ta ragu.

"Ni ma da farko na ɗauka mutum ɗaya ne ya tafi sau biyu. Ƙafar hagun iri ɗaya ce. Sai dai ɗaya ta fi ɗaya tsawo da yatsa biyu, kuma mai ita ƙarfinsa yana jikinsa. Tafiya gado ce, Yakuba, kamar murya."

Ajidan ya ce, "Faɗi sunansa, Baba."

"Ka ba ni ɗan lokaci, ajidan. In na faɗa, za a ce tsoho ne yake kare abokinsa, a Tsauni kuma a ci gaba da cewa rantsuwa ta ci Suma'ila har jikokinsa su ji. Mutum ɗaya ne zai iya wanke shi, kuma yana jina."

Alkasum bai dubi kowa ba, ƙasa yake kallo. Shi ya yi wa yaron nan huɗuba ranar da aka haife shi, don uban yana Agadas. A ransa yana roƙon Allah kada a kai ga sai ya buɗe baki.

Sai Tanimu ya miƙe. Ya ratsa dattawa, ya sauka kan yashin nan mai laima, ya nufi ajidan. Ba wanda ya kalli fuskarsa. Duk idanu suna kan abin da yake bari a bayansa: taku bayan taku, ƙafar hagu a karkace waje.

"Ni ne," ya ce. "Raken garin nan duk ya ƙone. Sau uku ina ce wa Baba mu je mu buɗe, yana cewa ya rantse. Na ga hadari a gabas, na ce in na fasa yau za a ce ruwan sama ne. Na dawo ina murna. Da na shiga gida Inna ta ce ya bi bayana." Ya dubi bakin Kurma. "Na san ta inda zai bi. Duk da haka na ga an kama Kassim na yi shiru."

Ya juya wajen Alkasum. "Baba Alkasum, ya sha wuya?"

Alkasum ya so ya ce a'a, amma bai saba ƙara wa ƙasa abin da ba ta faɗa ba. "Ya yi ƙoƙarin hawa. A sama na sami sandarsa. Ruwan ya fi shi sauri, ba a daɗe ba."

Tanimu ya durƙushe a kan yashin. Ba wanda ya motsa, sai Yakuba. Ya tsallako, ya tsaya gaban mai gari, ya cire hularsa.

"Na faɗi magana a kan mamaci, Allah ya gafarta mini. Kuma da mun buɗe ƙofar nan ranar da muka ce, da ba mu taru a nan ba. Wannan ma a rubuta, ajidan."

Ajidan ya rubuta. Ya saki Kassim a gaban jama'a, sannan ya kama hannun Tanimu ya tashe shi. Bai sa masa ankwa ba.

* * *

Mai gari ya ce zai tura wani ya sanar da Balki. Alkasum ya ce shi ya ɗauko maganar, shi zai kai ta. Ya tsuguna a inda ya tsuguna jiya.

"An wanke sunan Malam," ya ce. "A gaban Tsauni da Mahaɗa."

"Alhamdulillahi. Yaron fa?"

"Sun tafi da shi Damagaram. Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya tilasta shi. Ajidan ya ce alƙali zai duba cewa ba da niyyar kisa ya yi ba, amma zai daɗe."

Ya jira kuka ko baƙar magana, ya shirya wa kowanne. Sai ya ji motsin kwanuka a cikin ɗakin. Can hannunta ya fito ta ƙarƙashin asabarin, ta turo ƙullin dawo a cikin tsumma mai tsabta.

"Tun shekaranjiya bai sa komai a bakinsa ba," ta ce. "Ni ba ni da ikon fita. Ka kai wa Tanimu."

Shekara talatin da uku Alkasum yana shiga gidan nan, bai taɓa jin ta kama sunan ɗan farinta ba sai yau. Ya ɗauki ƙullin da hannu biyu, ya ce, "Zan kai." Bai biya ta gidansa ba. Ya miƙe zuwa bakin titi, ya zauna a inuwar tsamiya yana jiran motar Damagaram.